Dutsen da Mujahida Ba Ta Hau Ba

A Makka aka haifi Mujahida, a wani ɗaki da ke can ƙwanƙolin tudun da ya leƙo unguwar Hindawiyya, inda mota ba ta kaiwa sai dai mutum ya bi matakala. Ni Kabira, lokacin da na zo daga Bichi na sami mijina Mukhtaru, na tarar da ita tana 'yar shekara goma sha biyu. Ɗakinmu yana ƙasa da nasu kaɗan, duk mai hawa wurinsu sai ya wuce ta ƙofarmu. Abin da zan faɗa a kanta, wani da idona na gani, wani ita ta ba ni da bakinta.

Iyayenta mutanen Gwadabawa ne. Sun zo aikin hajji suka zauna, kamar yadda da yawanmu muka yi. Uban, Ɗanjuma, dako yake yi a kasuwa. Tana shekara bakwai aka yi kamen marasa takarda aka haɗa da shi, aka sa shi jirgi aka mayar da shi gida. Ya yi ta aiko da saƙo na 'yan shekaru, daga nan sai labarin rasuwarsa ya iso. Uwar, Ɗaso, ita ta riƙe yarinyar da sayar da hatsin tantabaru a hanyar Harami. A gida ungozoma ta karɓi haihuwarta, ba inda aka rubuta sunanta. Ba iƙama, wato katin izinin zama, ba fasfo, ba takardar asibiti. Ta yi karatu a makarantar unguwa har ta iya karanta Larabci da rubuta shi, iyakar abin da aka iya yi mata ke nan.

Tun tana ƙarama ita ce mai kai kaya sama. Tukunyar gas, jarkar ruwa, buhun shinkafa, duk a kanta suke hawa. Ba ta da jiki, siririya ce, amma hannunta kamar an ɗaure shi da waya. Ta yi aure sau ɗaya, da wani direba Maman mutumin Tawa. Shekara uku suna tare, ba haihuwa, shi ma aka kama shi aka mayar. Bayan wata biyar ya bugo waya ya sawwaƙe mata, ya ce ba zai riƙe ta da igiyar da ba ya iya ja ba. Ba ta zage shi ba. Ta kwashe kayanta ta koma ɗakin uwarta, wadda a lokacin ciwon sukari da na gwiwa sun fara zaunar da ita.

Tana da shekara talatin da uku ta sami aikin shara a wani wurin motsa jiki na mata, nadi suke ce masa, a wata sabuwar unguwa. Mai wurin ba ta tambaye ta takarda ba. A cikin nadin akwai wani bango mai tsawon bene biyu, an kakkafa masa 'yan duwatsun roba ja da shuɗi da rawaya, mata suna ɗaura igiya suna hawa. Aikin Mujahida ne ta goge garin allin da suke shafawa a hannu, ta naɗe igiyoyi ta jera. Wata rana da azahar, wuri ba kowa, ta hango ƙura ta taru a kan duwatsun sama. Ta nemi tsani ba ta gani ba. Sai ta soke tsumma a ƙugu, ta tuɓe takalmi, ta hau. Ta gama gogewa tana saukowa ta ga mai koyar da hawan tsaye a ƙasa, ta ɗaga kai tana kallonta.

Rim sunan mai koyarwar. 'Yar ƙasa ce, amma kakanninta Hausawa ne da suka zo da ƙafa tun zamanin da. Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, da Larabci suke magana. Mujahida ta ce ta ɗauka korarta za a yi. Rim ta yi mata faɗa sosai a kan hawa ba igiya, sannan ta tambaye ta wa ya koya mata ɗora nauyinta a kan ƙafa haka. Ta ce ba kowa. Washegari da azahar Rim ta miƙa mata ɗamarar da ake sawa a ƙugu da cinyoyi, ta nuna mata ƙullin da ake yi wa igiya, ta sa ta kwance ta sake ƙullawa har sau ashirin kafin ta bar ta ta taɓa bangon.

Shekara biyu suna haka, kullum tsakanin azahar da la'asar lokacin da mata ba sa zuwa. Mu a unguwa mun ga canji ba mu san daga ina ba. Mujahida da ba ta cika magana ba ta fara tsayawa a ƙofata tana ba ni labari. Ta ce in tana sama ba ta tuna komai, sai inda za ta sa yatsa na gaba. Na ce mata mutum ya wuni yana hawa tudu da kaya, ya je kuma ya nemi wani hawan da ba a biyansa? Ta yi dariya ta ce wancan kaya ne ke hawa, ita rakiya kawai take yi.

Rim ce ta fara yi mata zancen Shafa. Can saman Ɗa'ifa ne, tafiyar da ba ta fi awa biyu ba a mota, wuri mai sanyi da itatuwa da manyan duwatsu, inda masu hawa ke zuwa ranar hutu. Ta ce mata bangon roba wasa ne, wanda bai taɓa dutse na gaske ba bai san hawa ba. Amma ta ce karon farko ba a zuwa kai kaɗai, sai da jagora, kuma jagora ba a ɗaukarsa da ka. Ta lissafa mata abin da za ta tambaya: ko yana da lasisi, shekarun igiyarsa nawa, mutum nawa yake ɗauka a rana, ko yana ba da hular kwano, ko yana duba ƙullin mutum da hannunsa kafin ya bar shi ya hau, da abin da zai yi in wani ya faɗo. Mujahida ta rubuta duka a bayan kwalin maganin uwarta.

Ban taɓa ganin mutum ya ba wa abu zuciyarsa kamar yadda ta ba wa zaɓen nan ba. Wajen wata huɗu tana bin masu kai mutane hawa a waya. Takan zo da yamma ta zauna a tabarmata tana nuna mini hotuna. Wannan ta ce mutanensa sun yi yawa, goma sha biyar ga jagora guda, sai mutum ya wuni a ƙasa yana jira. Wancan ta ce dubi yadda ya bar mutane a gindin dutse ba hula. Wani ta tambaye shi shekarun igiya ya aiko mata da hoton gasasshen nama da shayi, ta share lambarsa. Ni ban gane komai ba, amma na ga tana jin daɗin ƙin mutane. A rayuwarta ba a taɓa jera mata abu an ce ta zaɓa ba.

Daga ƙarshe hankalinta ya kwanta da wata mata mai suna Nuha, wadda ke kai mata zalla, huɗu huɗu. Duk tambayar da ke jikin kwalin nan Nuha ta amsa, ta ƙara da wasu da Mujahida ba ta san ana yi ba. Ta ce ta daɗe ba ta sami mai tambaya irinta ba, kuma da ta ji wajen Rim take koyo sai ta ce ai ta san ta. Suka tsayar da rana. Sannan ta turo mata fom ta cike.

Mujahida ta cike suna, ta cike shekaru, ta cike wanda za a kira in wani abu ya faru, lambata ta sa. Layi na huɗu lambar katin ɗan ƙasa ko ta iƙama. Ta bar shi fari ta tura. Ina zaune kusa da ita washegari Nuha ta kira. Na ji tana cewa an manta layi ɗaya. Sai Mujahida ta gaya mata gaskiya.

Nuha ba ta yi mata wulaƙanci ba, shi ne ma abin da ya fi ciwo. Ta tambaya ko akwai fasfo ko da ya mutu, ko wata takarda ta asibiti, ko wani abu mai lamba. Babu. Ta ce za ta tambayi masu inshora. Bayan kwana biyu ta sake kira.

"Wallahi ina so ki zo, 'yar'uwa," ta ce. "Amma in kika faɗo na kai ki asibiti, su tambaye ni wace ce wannan, me zan ce musu? Kuma in aka tsayar da mu a hanya, lasisina ya tafi, matan da ke jirana su ma shi ke nan."

Mujahida ta ce ta gane. Ta yi mata godiya har sau biyu. Da ta ajiye wayar sai ta ce mini, "Yaya Kabira, kin ga ban yi kuskuren zaɓe ba. Mai kyau ce."

Rim ta ji haushi ƙwarai. Da farko ta ce ita za ta kai ta a motarta. Ta je ta yi shawara da mahaifinta, ya tuna mata hukuncin wanda aka kama ya ɗauko marar takarda, ga tara ga ɗauri, ga aikin da za ta rasa. Ta dawo idonta ja ta ce ba za ta iya ba. Mujahida ba ta riƙe ta a rai ba, ta ce da ita ce ma haka za ta yi.

Muna zaton magana ta mutu, sai ga ta da sunan wani Muhannad. Shi ba shi da ofis, ba shi da fom, a bayan motarsa kayansa suke. A waya ya ce mata shi ba jawazat ba ne, wato jami'an shige da fice, da zai tambayi takardar kowa. Ta roƙe ni na raka ta ganinsa a wani wurin ajiye motoci a unguwar Jarwal, bayan la'asar. Saurayi ne mai fara'a, yana ta kiranmu hajja. Ya buɗe bayan motar ya ce ta duba. Mujahida ta jawo igiyar ta fara bin ta da yatsu, taku taku, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wajen tsakiya ta tsaya, ta lanƙwasa wurin, ya kwanta laɓas kamar ba komai a ciki. Ta tambaye shi shekararta nawa. Ya ce bai ƙirga ba, amma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ta ɗaga ɗamara ɗaya, zaren ɗinkin ya fara tashi. Hular kwano guda biyu ce, ɗaya ta tsage.

A hanyar gida ta ce mini in aka bi abin da ke jikin kwalin nan, ko ɗaya bai ci ba. Na ce to sai a haƙura. Muka fara hawa matakala. Can ta ce shi kaɗai ne bai tambaye ta lamba ba.

Ɗaso ta ji labari a bakina, don ban iya ɓoyewa ba. Ba ta ɗaga murya ba, dama ba halinta ba ne. Tana zaune ta miƙe ƙafafun nan nata da suka kumbura, ta dubi 'yarta.

"Mi kika ajiye bisa dutsen ga?"

"Ba komai, Inna. So nake in taɓa shi kawai."

"Ubanki kasuwa ya tai, bai komo ba. Mijinki mai ya tai sha ma mota. Ke kau da ƙafarki za ki kai musu kanki. In sun ɗauke ki, wa ka tashe ni in yi alwala?"

Mujahida ta ce yini ɗaya ne, kafin magariba ta dawo. Muhannad ya yi mata alkawarin ya san wata hanya ta baya da ba a tsayar da mutane. Ɗaso ta juya fuska bango ta ce Allah shi kiyaye.

Rim da ta ga Mujahida ba za ta hanu ba, sai ta ba ta aron igiyarta ta kanta da ɗamara da hula, ta ce kada ta yarda ta hau da na mutumin nan, kuma ta duba inda ya ɗaure igiyar a sama da idonta. Ranar Asabar da hantsi Mujahida ta sauko da jakar a baya, ta tsaya a ƙofata ta ce in leƙa Inna da azahar. Ta sa sabon wando a ƙarƙashin abaya. Fuskarta a ranar ban taɓa ganin irinta ba, kamar ta yarinya.

Abin da ya faru a hanya ita ta ba ni. Su uku ne a motar ban da Muhannad, sauran biyun wata mata ce da mijinta, masu takarda. Da suka bar gari ta tambaye shi hanyar bayan, ya ce wannan hanya doguwa ce, za ta cinye musu rabin yini, kuma ai fita ba a cika tsayar da kowa ba. Suka wuce Arfa, fili fetal ba kowa sai itatuwan dogonyaro a jere. Duwatsun Ɗa'ifa suka taso a gabansu, ta ce ba ta taɓa sanin dutse yana yin shuɗi ba. Sai ta hango shingen bincike daga nesa. Gefensu motoci na wucewa ba tsayawa, kamar yadda ya faɗa. Ɗaya gefen kuwa, na masu shigowa Makka, layi ne dogo, ana bin motoci ɗaya ɗaya, kowa na miƙa kati ta taga. Hajji ya rage wata biyu, an fara matsawa.

Ta tambaye shi yaya za a yi da dawowa. Ya ce kafin yamma wataƙila sun gaji sun tashi. Ta ce in ba su tashi ba fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah Karim.

Ta ce ya tsaya. Ya ce ta yi tunani, ga dutse can ana gani. Ta sake cewa ya tsaya. Ya gangara gefen wani gidan mai ya sauke ta, matar da ke motar ta miƙo mata robar ruwa, suka wuce. Ta tsaya da jaka a baya tana kallon motar har ta ratsa shingen, ba wanda ya ko ɗaga mata hannu.

Ta kira ni, na kira Mukhtaru da ke tuƙa tasi ya je ya ɗauko ta. Ya ce ya same ta zaune a inuwar bangon masallacin gidan man, ta rungume jakar, ba kuka take ba. Ta yi masa sannu ta shiga motar. Kafin la'asar tana gida. Ɗaso ba ta tambaye ta komai ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta ɗora ruwan zafi ta gasa wa uwar ƙafafu.

Washegari ta mayar wa Rim da kayanta. Ta ci gaba da hawan bangon roba na 'yan watanni, amma ta daina tsayawa a ƙofata da labari. Bayan hajjin shekarar aka sayar da nadin. Sababbin masu wurin suka ce kowace ma'aikaciya ta kawo iƙamarta. Rim ta je ta roƙa mata, ba a saurare ta ba. Ita ma Rim ba ta daɗe ba ta sami aiki a Riyad ta tafi. Da farko tana turo hotuna da gaisuwa, Mujahida tana amsawa da kalma ɗaya biyu. A hankali abin ya yanke, ba faɗa ba komai.

Shekarar da ta biyo aka shafa wa gidajen tudunmu jan fenti, alamar rusau. Muka watse. Mujahida da uwarta suka sami wani ɗaki a ƙasa, bayan wani shagon gyaran firji, mara taga. Mujahida ta koma aikin da ya samu: wanke-wanke a gidajen biki, yankan albasa a tantunan Arfa lokacin hajji, tura keken tsofaffi a Jarwal in masu kame ba su fito ba. Ruwan wanke-wanke da sanyin firjin nama suka shiga yatsunta, yanzu da safe sai ta daɗe tana murza su kafin su miƙe.

Bara cikin Sha'aban Ɗaso ta rasu. An sha wahala kafin a sami izinin binne ta, sai da wasu dattawan unguwa suka shiga maganar. Bayan an share makoki na ce wa Mujahida, don in ga ko za ta ɗan motsa, yanzu ai ba mai riƙe ta, ko za ta sake neman masu hawan nan. Ta ce shekararta talatin da tara, kuma layi na huɗu yana nan inda yake. Ta ce wani ya gaya mata in ta miƙa kanta ga hukuma za a yi mata takarda, amma ta fita ce, mai amfani sau ɗaya, zuwa ƙasar da ba ta taɓa gani ba kuma ba ta san kowa a cikinta ba.

Kwanakin baya na je duba ta na same ta tana tsince wake a faranti. Muna cikin hira ta tambaye ni ko akwai duwatsu a Gwadabawa. Na ce ni mutuniyar Bichi ce, ban taɓa zuwa ƙasar Sakkwato ba. Ta ce ta taɓa tambayar Inna, ta ce mata akwai 'yan tuddai na jar marmara, irin wadda in ka kama take marmashewa a hannu. Ta ce duk da haka tana tunanin tafiya, tunda ɗakin nan ma mai shi ya fara zancen yana son abinsa. Na tambaye ta yaushe. Ta ce ba ta sani ba, wataƙila bayan hajji, in ta ga yadda aikin Arfa ya kasance. Haka ta ce mini bara ma.